Azurfar da Uzair Ya Goge

Tsarabar ƙanwarsa ce ta kai Uzair unguwar Hindawiyya, wata Laraba bayan la'asar. Shekararsa uku a Makka yana karatun hadisi, kuma tun daga Gusau Basma ta ishe shi da waya. Burosh take so, fil ɗin nan na ado da mata ke maƙalawa a mayafi.

Shagon Baba Tsoho ɗan tsukuku ne, mutum uku sun cika shi. Tsohon na zaune a lungu, yanar ido ta rufe masa gani, 'yarsa ce ke tsaye bayan gilashi. Uzair ya nuna wanda ya fi kowanne ƙyalli, kamar yadda duk ɗan gari da baƙo ke yi.

"La', ya ustaz," ta ce, da Hausarta mai ƙanshin Larabci. "Wannan na jiya ne, gobe zai koɗe. Mayafin 'yar'uwarka mai kauri ne ko shara-shara?"

Bai sani ba. Ciki ɗaya suka fito, amma bai taɓa lura ba.

Ta jawo wani faranti daga ƙasa. Waɗannan babu fure, babu tsuntsu. Wani da'ira ce da aka ƙi rufewa, wani layuka uku ne a karkace, wani kuma dutse ɗaya shuɗi ya maƙale masa a gefe. Ta ce maƙeran Turai ne suka yi su shekara hamsin da suka wuce, mahaifinta ya tattaro su a hannun alhazai da gwanjon Jidda.

"Ka fara juya bayansa. Ka nemi hatimin azurfa, ka gwada maƙalin ko yana kamawa. Sannan ka auna a tafinka. Mai nauyi na abaya ne, in aka sa a mayafi yaga shi zai yi. Ta sa a hagu, ƙasa da kafaɗa kaɗan, ta tokara da ƙyalle ta ciki. Kuma guda ɗaya, halas, shi ke nan. Irin wannan ba ya son maƙwabci."

Yana fita ya ji tsohon ya kira ta, "Minnatullah." Da sunan ya koma makaranta, yana ta maimaita shi kamar hadda.

Cikin wata biyu Basma ta samu burosh uku, goggonsa ɗaya. Baba Tsoho ido ne ya gaza masa, kunne na nan garau.

"Ya waladi," ya ce wata rana, "mata nawa gare ku a Gusau?"

Uzair ya durƙusa ya faɗi abin da ke kawo shi. Sai tsohon ya ce:

"Kakana a ƙafa ya taho daga Katsina, ta Sudan, shekara bakwai a hanya. Ku kuwa ɗalibai da ranar komawarku kuke zuwa. Ita kaɗai gare ni, uwarta ta rasu. Ga Hudaifa ɗan ƙanwata yana taksi a nan unguwar Kudai. In shi ta aura ta yi ciwon kai a gidansa, kafin magariba na sani. A Gusau wa zai gaya mini?"

Bai ce e ba, bai kuma kore shi ba. Ya yarda su riƙa saƙo da saninsa.

"Minnata, yau malam ya tambaye ni sunan mai ruwaya, saura kaɗan in ce ke."

"Istigfari, ya Ustazi. Abuya, tsohon nawa, bai sauko ba, amma jiya ya tambaya ko ana ba ku abinci mai kyau."

Da watan Safar ya kama aka sa wa tsohon ranar aikin ido a Jidda. Rufin shagon na yoyo, masu gyara za su shiga, sai aka kwashe kaya zuwa gida. Wani ɗan gwangwanin alewa kaɗai tsohon ya ware, ya danƙa wa Uzair.

"Riƙe mini wannan. Gidan zai cika da 'yan dubiya, ba na son hannu ya yi yawa a kansa."

Murfin ya saki, a ɗaki ya buɗe da kansa. Burosh ne na azurfa mai faɗin tafin jariri, an yi masa tsagi-tsagi, ya yi baƙi ƙirin. Tausayi ya kama Uzair. Ya ce a ransa, bawan Allah ba ya gani, shi ya sa kayansa suka yi dauɗa. Ya tuna yadda mahaifiyarsa ke dirje awarwaronta da toka da lemon tsami. Toka babu a ɗakin ɗalibai, amma akwai makilin. Ya zauna da buroshin haƙori ya bi tsagi ɗaya bayan ɗaya, har abin ya yi fari tas. So yake in an kwance wa tsohon ido, ya fara da ganin abu mai haske. Ya ɗauki hoto ya tura wa Minna, yana jiran yabo.

Kiranta ya shigo nan take.

"Uzair, me ka yi? Ba namu ba ne! Wata hajiya 'yar Bosniya ta kawo gyaran maƙali tun kafin a haife ni, kyautar mijinta da ya rasu. Abuya ya ce ba ta dawo ba. Shekara arba'in bai bar kowa ya taɓa ba, don ko jikanta ya zo ya gane shi yadda ta bar shi. Baƙin cikin tsagin nan maƙerin ne ya sa da gangan."

An ba shi amana ta kwana biyar, ya ɓata ta a rana ta biyu, kuma da kyakkyawar niyya.

Bayan azahar saƙonta ya zo.

"Ustazi, akwai dabara. Ka dafa ƙwai, ka murmushe shi da zafinsa, ka rufe su tare a roba. Azurfa za ta koma baƙa. Idon Abuya a ɗaure yake har Asabar. Ba zai sani ba. Ina roƙonka, kada ka ba shi dalilin da yake nema."

Uzair ya sayo ƙwan, har ya dafa. Ya zauna yana kallonsa har ya huce. Son Minna na cin ransa, kuma ya san da wannan gaskiyar zai iya rasa ta. Daga baya ya rubuta:

"Minnata, 'yarsa nake roƙo ya ba ni riƙo. Ba zan fara da ruɗar idonsa ba. Ki yafe mini."

Ran Juma'a ya je gidan, ya durƙusa gaban tsohon mai ɗaurarren ido, ya faɗi komai. Zancen ƙwai kaɗai ya bari, don ba nasa ba ne. Baba Tsoho ya karɓi burosh ɗin, ya bi tsagin da babban yatsa.

"Tashi ka tafi," ya ce.

Mako uku ba kira, ba saƙo. Labari ya iske Uzair cewa uwar Hudaifa ta fara zarya a gidan. Sau ɗaya Minna ta rubuto: "Ka zaɓi gaskiya, ka bar ni da kuka." Ya karanta ya fi sau ashirin. Ya rame, karatu ya daina shiga.

A mako na huɗu tsohon ya aika ya zo shago. Idon ya washe, ya ƙare wa Uzair kallo a karo na farko.

"Ashe haka kake, siriri. Zauna. Minna ta faɗa mini zancen ƙwai da bakinta. Da ka yi, wallahi ba zan gane ba."

Tsohon ya sunkuyar da kai, ya ci gaba.

"Shekara arba'in ina ce wa mutane matar nan ba ta dawo ba. Ta dawo, ya waladi. Na ce ta zo bayan Hajji. Sai na samu aikin lodin motoci a Muzdalifa, na zarce da su Madina, kwana goma. Maƙwabcina ya ce sau uku tana zuwa, ta zauna a dakalin nan tana kuka, har ayarinsu ya tashi. Ko uwar Minna ban gaya wa ba. Kai ka yi laifi ran Talata, ka kawo kanka ran Juma'a. Ba haushin azurfa ya sa na kore ka ba. Kunya ce."

Uzair ya share hawaye. A bayan gilashi Minna ta rufe fuska da mayafi.

An ɗaura aure a watan Rajab, a masallacin unguwa, bayan la'asar. Malamin Uzair ne ya karɓa masa, iyayensa na saurare ta waya daga Gusau. Hudaifa, Allah Ya saka masa, shi ya yi ta jigilar baƙi kyauta.

Da aka shafa fatiha, Baba Tsoho ya riƙe hannun angon, ya ƙi saki.

"Na san za ka tafi da ita. Ban hana ba. Abu ɗaya nake roƙo. Duk ranar da ta yi kuka a can, ka kira ni ka gaya mini, ko da kai ne ka sa ta."

"Zan gaya maka, Baba."

"Na sani," in ji tsohon. "Shi ya sa na ba ka. Allah Ya yi muku albarka, Ya sa ku ga jikokinku, Ya haɗa mu a inda ba a rabuwa."

Duk masallacin ya amsa da amin.