Cikin Wata Takwas

Tun da lokacin kamen samari zuwa aikin soja ya kama a garin Kulob, hankalin Mavjuda bai ƙara kwanciya ba. Wata mota marar lamba ke zagaya kasuwa da bakin masallaci, duk saurayin da aka damƙa sai bayan shekara biyu. Ɗan maƙwabciyarta ma kurma ya dawo, sojojin da suka riga shi shiga sun kashe masa kunne da mari.

Kwana sha tara ke nan ta ɓoye ɗanta Bahrom a ɗakin ciyawar shanu. Dokar kamen ba ta hawa kan uban 'ya'ya biyu. Shi kuwa ɗiya ɗaya gare shi, Sitora, sai cikin wata takwas da matarsa Zarrina ke ɗauke da shi.

Da hantsi Mavjuda ta same ta a bakin tanderu tana manna gurasa.

"Ke, na gama magana da wata likita. Gobe za ta yi miki aiki a ciro yaron, mu karɓi takardar haihuwa."

"Inna, an ce fa huhunsa bai yi ƙwari ba!"

"Ni nan bakwaini ce, ba ga ni ina miki faɗa ba? Ko sai an kawo miki mijinki a akwatin gawa?"

Zarrina ta dafe ciki, hawaye na zuba. "To Inna... in dai Baban Sitora zai tsira, na yarda."

"Ni ban yarda ba!"

Bahrom ne tsaye, duk ciyawa a kansa.

"Koma ciki, ɗan banza, kada a hango ka!"

"Wallahi Inna ni ma tsoron nake ji. Da a ƙasar da ake tambayar ra'ayin mutum muke, da ba ni ba kaki. Amma ba za a farke mini mata saboda takarda ba. Da ƙafata zan je."

Ya ɗauki gurasa mai zafi ya gatsa, ya miƙa wa uwar sauran, yadda mai tafiya soja ke yi a al'adarsu, a ajiye masa har ya dawo. Ta rataye ta a bango tana rusa kuka.

Bayan mako biyar Zarrina ta haifi namiji lafiyayye. Mavjuda da kanta ta yi ta jelen ofisoshi da takardar, wata huɗu cur, kafin a sallamo Bahrom, a rame, babu haƙori ɗaya.

Ranar ta riƙe hannun surukarta. "Yafe mini, 'yata. Na so in ceci ɗana da ran naki."

Iyaye mata, mu ji tsoron Allah. Tsoro ba ya shawara, kuma ɗan wata ma ɗa ne.