Hukuncin da Aka Yanke wa Tamba

"Ke Ni'ima, koma baya! Sake karanta min wurin ga da tsohuwar tac ce ta yahe mishi tun bai roƙa ba."

Gwaggo Baiwa ce mai maganar. Tana zaune a kan tabarma a tsakar gidan ƙaninta, Malam Abdussamadu, a unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi, da faifan shinkafa a cinyarta. Tun la'asar take tsintar shinkafar nan, amma ba a ga tsakuwa ko ɗaya da ta fitar ba, sai hawaye da take ta ƙara mata.

Ni'imatullahi ta koma baya ta sake karantawa. Ita ce mai karatun gidan tun da ta gama sakandare, kuma duk littafin soyayyar da ya shigo sai mata sun kewaye ta. Wannan kuwa ya sha hannu a wurin haya har bangonsa ya tafi, ba wanda ya san sunansa, sai ake ce masa littafin Tamba. Labarin wani saurayi ne Tamba, wanda uwarsa ke fama da kuturta. Da ya yi karatu ya sami aiki, sai ya ce wa budurwarsa uwar ta mutu. Kashi na ɗaya ya ƙare ne a inda tsohuwar ta ji labarin, ta ce ta yafe masa.

"Wayyo baiwar Allah!" Gwaggo ta fyace hanci da bakin zane. "Wallahi da ina kusa da tsohuwar ga, da hannuna za ni ba ta abinci. Da hannuna! Shi ko ɗan banza, Allah shi isar mata."

Paulina, maƙwabciyarsu 'yar Filato wadda aikin mijinta ya kawo su da aka ƙirƙiro sabuwar jiha, ta girgiza kai. "Mama, ni dai yaron ma yana ba ni tausayi. Tsoro ne ya sa shi. Ya san in ya faɗa, ba wanda zai ba shi mata."

"Tausayi, Anti Paulina?" Ni'ima ta rufe littafin da ƙarfi. "Ni da tawa ta rasu, in an ce in ba da idona guda in gan ta sau ɗaya, bayarwa za ni yi. Shi ko tashi tana numfashi ya bizne ta da baki! Wanga ba mutum ba na."

Ba a zarge ta ba. Tana 'yar shekara shida mahaifiyarta ta rasu, Gwaggo ce ta raine ta. Maraicin nan ma shi ne ya fara haɗa ta da Mujtaba, ɗan Argungu mai aikin akawu a sabuwar sakatariya. Ranar da ya fara zuwa zance ya ce mata shi ma ba shi da uwa, kawunsa ne ya riƙe shi, kuma tun daga ranar zuciyarta ta kwanta da shi. An riga an kawo kuɗin gaisuwa, an yi bincike a unguwar kawun an ji alheri, saura sa rana. Shi ne kuma ya kawo mata littafin, ya ce sai ya ji ra'ayinta zai ba ta kashi na biyu.

Washegari da yamma ya zo. Ta same shi a zaure, ya rame kamar wanda ya tashi daga zazzaɓi, ga kashi na biyu ya leƙo daga aljihun rigarsa.

"Kin gama?" ya tambaya, bai ɗago ido ba.

"Mun gama, har Gwaggo ta kusa jiƙa muna tuwo da hawaye. Miƙo na biyun, filis!"

"Mi kika gani game da Tamba?"

Ta zauna ta zazzage masa duk abin da ta faɗa jiya, har da ƙari. Ni'ima akwai baki in ta sami abin da ta tsana, kuma ta ɗauka daɗi take ba shi. Ta ce da ita ce budurwar, ko kallonsa ba za ta sake yi ba har ta koma ga Allah.

"Ko da ya tuba?"

"Tuban mi? Uwa hwa, Mujtaba! Kai da ka san zahin rashinta kake tambaya?"

Sai ya ciro littafin daga aljihu ya ajiye a gabanta.

"Ni'ima, uwata tana raye. Sunanta Riskuwa. Tana bayan garin Gulma cikin wata bukka, cutar da kika karanta ita ta gare ta. Na kasa hwaɗa miki da bakina, shi ya sa nik kawo littahin in ji ta bakinki. To, na ji. Amma ba ni iya bari a sa rana bisa ƙarya."

Ta ji kamar an watsa mata ruwan randa. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne duk hawayen da ta zubar a gabansa tana ba shi labarin mahaifiyarta, yana gyaɗa kai yana cewa ya san yadda abin yake. Ta tashi ta shige gida da gudu, ta bar shi a zaune.

Kafin magariba gidan ya kama da wuta.

"Kuturta!" Gwaggo ta dafe ƙirji. "Cikin zuri'armu? Zuri'ar malamai? Ina! A maida musu kuɗinsu gobe-goben ga. Ɗiyata ba ta shiga gidan ga ko da gawata ta!"

Wannan fa ita ce matar da jiya ta yi rantsuwa da hannunta. Paulina ta yi ƙoƙarin cewa yanzu akwai magani a asibiti, kuma ba gadon cutar ake yi ba, Gwaggo ta ce mata ta ji da gidanta.

Malam Abdussamadu ya saurare su har suka gaji. Sannan ya ce, a hankali kamar yadda ya saba, "Yaya, cuta ta Allah ta, ba ita ta dame ni ba. Ƙaryar ta dame ni. Mu ma munka yi sakaci, munka tsaya ga unguwar kawunai munka ƙyale asalin uwar. Wanda ya iya ɓoye uwatai don kunya, ina tsoron ranar da ɗiyata za ta zame mishi abin kunya. A dakatar da maganar."

Aka dakatar. Mujtaba bai kawo ƙorafi ba, bai turo kowa ban baki ba. Sai labari aka ji cewa ya nemi a maida shi ofishin Argungu, ya bar Birnin Kebbi.

Damina ta sauka, fadama ta cika da ruwa, Ni'ima kuwa ta bushe a tsaye. Karatun la'asar ya mutu a gidan. In ta tuna ƙaryarsa sai ta ji ta tsane shi, in ta tuna ramar da ta gani a jikinsa a zaure sai ta kifa kai ta yi ta kuka. Ita kaɗai ta karanta kashi na biyu a ɗaki, inda Tamba ya koma ya durƙusa gaban uwarsa ya ɗauko ta a bainar jama'a. Ta karanta shi har takardun suka yi laushi, tana jin kalmominta na dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Ta yanke wa mutumin takarda hukunci, ashe mai rai ne zaune a gabanta yana karɓa.

Manema suka yi ta sallama, har da wani ɗan kwangila mai mota. Ta ce wa mahaifinta a ba ta lokaci, shi kuwa bai matsa mata ba. Ba ta aika wa Mujtaba ko gaisuwa ba, domin Malam bai ba da izini ba, ta dai riƙe addu'a.

Bayan an yanke shinkafa, wani ɗalibin Malam da ke zuwa kasuwar Argungu ya kawo labari. Mujtaba ya ɗauko uwarsa daga Gulma da rana tsaka, ya kama musu gida a cikin gari. Masu gida biyu sun kore su kafin na uku ya yarda. Abokansa sun daina cin abinci kwano ɗaya da shi, shi kuwa kowane wata sai ya goya ta a babur ya kai ta karɓar magani.

Malam ya kira yayarsa. "Binciken da munka yi rabi, ke za ki ƙarasa shi. Ki tahi ki gano min da idonki."

"Ni? Allah shi kiyashe ni!"

Ni'ima ta durƙusa a gabanta. "Gwaggo, ke kic ce da kina kusa da ita, da hannunki za ki ba ta abinci. Ga ta nan Argungu, kuɗin mota kaɗai ke tsakaninku."

"Wancan ai littahi na, ke yarinya!"

"To wagga mutum ta, Gwaggo."

Gwaggo ta yi ta faɗa har ta gaji, amma ta shirya. Ta ce za ta je ne don ta rufe bakin kowa. Ta ƙulle kofinta da gorar ruwanta a jaka don kada a yi mata tayi, ta ja wa Ni'ima, wadda Malam ya ce ta raka ta, kunne cewa ko tabarmar gidan kada ta taɓa.

Bayan azahar suka isa. Gidan ɗan ƙarami ne a kusa da unguwar masunta, an share shi tas. Mujtaba yana wurin aiki. A gindin bango suka ga tsohuwa ita kaɗai, da kwanon kunu a gabanta, an ɗaure mata ludayi a hannu da tsumma domin yatsun sun tafi. Da ta ji ko su wane ne, sai ta ja jikinta baya har ta manne da bango.

"Ku zamna daga nan nesa, na saba. Likita ya ce ba a ɗauka yanzu, amma ba ni so ranku shi ɓaci." Ta kalli Ni'ima ta daɗe. "Ke ta Ni'imar? Kai, Allah ya yi halitta. Ɗiyata, ki yahe mishi ko ba ki aure nai. Laihina na. Ranar da kawunai ya zaka ɗaukar shi yana ƙarami, ni nir riƙe shi nic ce, duk wanda ya tambaye ka, ka ce na mutu. Yana kuka ina sa shi maimaitawa. Wace uwa ta ka son a guje ma ɗanta saboda ita? Da ya zo ɗauko ni ma ƙi niy yi, ya ce in ban tashi ba shi ma nan za ya tare."

Ni'ima ta toshe baki da mayafi. Tsohuwar ta juya ga kununta don ta ɓoye fuskarta, ta ɗebo, hannun ya karkace, tsumman ya kwance, ludayin ya faɗi a ƙasa. Ta bi shi da dungulmin hannu tana turawa, ya ƙi ɗaukuwa. Ta yi ɗan murmushin kunya ta ce ba komai, in Mujtaba ya taso zai ba ta.

Ni'ima ta yunƙura za ta tashi, sai ta ji an danne mata kafaɗa. Gwaggo Baiwa ce. Ta ajiye jakar nan mai kofi da gora, ta taka har kan tabarmar da ta hana a taɓa, ta zauna gwiwa da gwiwa da Riskuwa. Ta ɗauki ludayin ta wanke, ta ɗebo kunun ta hura.

"Buɗe baki, 'yar'uwa," ta ce, hawaye na bin kumatunta. "Na yi rantsuwa a kanki tun ban san ki ba."

A haka Mujtaba ya shigo ya same su. Ƙullin kifin da ke hannunsa ya suɓuce, ya durƙusa a bakin ƙofa ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. Ni'ima ta dube shi, abin da ta daɗe tana shiryawa duk ya gudu, sai kawai ta ce, "Ka yahe min abin da nic ce."

"Gaskiya kika hwaɗi, Ni'ima. Ita ta tashe ni."

Da Gwaggo ta kai wa Malam labarin abin da ta gani, ya ce a sa rana. An ɗaura aure bayan ƙaramar salla. Wasu dangi sun ƙi zuwa, Gwaggo ta bi su gida-gida ta wanke su tas, har Malam ya roƙe ta ta sassauta. Riskuwa ba ta daɗe ba, damina ɗaya ta yi da su Allah ya karɓi abarsa. Amma ta rasu ne a cikin ɗaki, kanta a kan cinyar Ni'ima, wadda ta sami bakin kiran wata Inna bayan shekaru masu yawa. Ranar ne Ni'ima da Mujtaba suka zama marayun gaske su biyu, kuma ta yi kukan da ya fi na farko ciwo.

Haƙurin Ni'ima da biyayyarta ga mahaifinta ba su tashi a banza ba, haka gaskiyar da Mujtaba ya faɗa a lokacin da ta fi tsada. Ku kuma masu karatu, kuka a kan littafi ba shi da wuya, kowa ma yana yi. In kun rufe shi kun share ido, ku duba kusa da ku, domin mai yiwuwa wanda kuka yi wa kukan yana zaune a gindin bango, ludayinsa ya faɗi, yana jiran wanda zai ɗauka masa.