Yatsu Biyu a Maƙogwaron Kevin

Ranar da Hellen ta fara shiga shagon Gershon a bayan kasuwar Kafanchan, kansa na cikin wata tsohuwar lasifika yana neman wayar da ta tsinke. Ta ce aron makirfo ta zo nema, irin wanda ke kama har numfashin mutum. Ya ɗago ya kalle ta, nan take ya manta da wayar.

A ajin farko take a jami'a, tana karatun ilimin harshe. Malaminsu na tsarin sauti ya ce kowa ya naɗo kalmomi ɗari huɗu na yaren gidansu kafin hutu ya ƙare. Gershon ya ce sai dai ya riƙa zuwa yana haɗa mata na'urar da kansa, wai tana da wuyar sha'ani. Ƙarya yake yi, maɓalli ɗaya ne da ita. Ba a yi wata ba tana kiransa Injiniyana, shi kuma yana ce mata Farfesa.

Dukansu Bajju ne, amma Gershon a Kujama ya tashi, Hausa ta cinye masa baki, ko gaisuwa bai iya da yaren Jju ba. Mahaifin Hellen kuwa, Baba Silvanus, tsohon hedimasta ne, shi ke fassara wa'azi a coci. Da labari ya kai masa ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda zai mai da jikokinsa baƙi a gidan kakansu ba. Shi ne ma ya zaɓo mata wanda za ta naɗi muryarsa: Kevin, malamin firamare daga Madakiya, shugaban mawaƙan coci, mai yare a baki kamar na tsofaffi.

Wata Asabar Gershon ya kai batir gidan, ya tarar da su a gindin mangwaro. Hellen ta ɗora yatsu biyu a maƙogwaron Kevin, ta ƙura wa leɓɓansa ido, shi kuma yana maimaita kalma guda yana wani murmushi. Baba Silvanus na gefe yana gyaɗa kai, abin ya yi masa daɗi. Kishi ya kama Gershon. Ya dire batir ya juya ba sallama, yana isa shago ya tura mata saƙo:

"Farfesa, ashe karatun jami'a har da shafa wuyan maza? Allah ya ba da sa'a."

Ta amsa: "Injiniyana, haka ake gane sautin da ke sa maƙogwaro rawa. Taɓa naka ka ce zzz, sannan ka ce sss. Da kana jin yare ai naka zan taɓa."

Ya taɓa, ya ce zzz, ya ji rawar, haushi ya ƙaru don ta fi shi gaskiya. Maganarta ta ƙarshe kuma ta yi masa ciwo. Ya kife wayar a kan tebur.

Bayan kwana uku ta aiko masa da memorin da ta naɗi muryar a ciki don ya cire kukan kaji da ƙarar babura. Ya sa abin ji a kunne. Hellen ta faɗi kalma da Hausa, Kevin ya faɗe ta da Jju sau uku, haka har tsakiyar aikin, inda suka manta makirfo na kunne. Kevin ya yi ƙasa da murya ya tambaye ta wani abu da yare, ta amsa a hankali, sannan ta yi dariyar nan da Gershon ya ɗauka tasa ce shi kaɗai.

Ya saurari wurin ya fi sau hamsin. Kunya ta hana shi neman tafinta, don Kafanchan ba ta da girman da za ta ɓoye irin wannan magana. Sai bawan Allah ya yayyanka maganar gunduwa-gunduwa a kwamfuta, yana gwada kowace da kalmomin nan ɗari huɗu. Kunnen mai gyaran sauti gare shi, ya lura kalma kan sauya ma'ana in murya ta hau ko ta sauka, ya shiga kwaikwayo yana tsaki. Abin da ya gagare shi ya riƙa tambayar Mama Yemima mai kunu a ƙofar shago, kalma ɗaya a rana don kada ta gano shi. Mako uku yana ci yana sha da muryar mutumin da ya fi tsana a duniya.

Ran Juma'a saƙo ya shigo: "Litinin zan koma makaranta. In ka gaji da ni, ka dawo min da aikina, mu rabu lafiya."

Washegari da safe guntun ƙarshe ya zauna a wurinsa. Abin da Kevin ya tambaya shi ne, Baba na so ya aure ta, ita me ta gani. Amsarta kuwa: "Zuciyata na wajen wanda bai iya gaisuwa ba. Zan koya masa, ko shekara goma za mu yi."

Gershon ya ji kunya har ta fi farin cikin yawa. Ya rufe shago ya hau babur.

Baba Silvanus ya tarbe shi da gaisuwar Jju, da gangan, don ya ga ya yi zuru kamar kullum. Sai bakin Gershon ya amsa tun kafin ya yi shawara da shi. Tsohon ya gyara tabarau. Ya nuna akuya, Gershon ya faɗi sunanta. Ya nuna fartanya, tukunya, buhun citta, har gajimare, duk ya faɗa, murya na hawa da sauka inda ya kamata. Hellen na tsaye a ƙofar kicin tana saurare.

"Wannan ai bakin Madakiya ne. Wa ya koya maka?" in ji Baba Silvanus.

"Kevin ne, Baba. Amma shi ma bai sani ba."

Da ya kwashe labari ya faɗa, Baba Silvanus ya yi dariya har da tari. Ya ce har yanzu kalmomi ne kawai ba magana ba, amma wanda kishi ya kai shi nan, ƙauna za ta ƙarasa da shi. Ya ce Gershon ya turo magabatansa.

Hellen ta raka shi bakin ƙofa tana harararsa. "Sati uku ka bar ni ina kuka saboda assignment?"

"Ki yafe ni, Farfesa. Kishi ne."

"Na yafe. Amma darasi kullum, ba hutu."

An ɗaura auren a Disambar shekarar da ta biyo baya, bayan an haƙe citta. Kevin ne ya ja waƙa, ango kuma sau ɗaya kacal ya harare shi. Da Jju Gershon ya yi alkawarinsa, tsofaffin mata na guɗa, Baba Silvanus ya ɗora musu hannu ya roƙi Ubangiji ya ba su 'ya'ya masu gaishe shi da yaren kakanni.

Da aka ce Amin, Hellen ta ɗora yatsu biyu a maƙogwaron mijinta. Bai ce komai ba, amma ta ji maƙogwaron yana rawa.

Ta ce, "Wannan kam malaminmu bai koya mana ita ba."

"Ki bar hannun a nan," in ji Gershon.