Zoɓon da Ya Koma Kore

Amatullahi ta kasa zama wuri ɗaya. Ta shiga ɗaki, ta fito, ta duba waya, ta koma. Kwana uku saurayinta Lukuman bai kira ba, mutumin da ko atishawa ya yi a Kalgo sai ta ji a Gwandu!

Da la'asar sai ga shi a zaure, ya kasa haɗa ido da ita.

"Inna ta ce a fasa sa rana."

"A fasa? Mi na yi?"

"Ranar da ta zo gaida Mamanki ta gan ki da kwalabe. Wai kin ɗiga wani abu cikin jan ruwa ya koma kore, bakinki na motsi. Ta ce asiri kike haɗa min."

"Firaktikal ɗin Kemistiri fa nake bita! Jarrabawa saura mako biyu! Kai ma ka yarda?"

Ya juya ya tafi. Wannan tafiyar ta fi maganar Innarsa yi mata ciwo. Ta shige gida tana kuka.

Washegari ta ajiye kunya, ta roƙi Gwaggo Habiba, ƙanwar babanta, ta raka ta Kalgo. Inna Kande, uwar Lukuman, ta amsa gaisuwa da ƙyar, ta janye tabarmarta can gefe.

"Inna," in ji Amatullahi a durƙushe, "ba zan taɓa komai ba. Ki jiƙa zoɓonki, ki zuba ruwan kanwarki, da hannunki."

Gwaggo ta sa baki har Inna ta yarda. Tana zubawa, jan nan ya rikiɗe kore.

"Innalillahi! Ni ma?" Saura kaɗan ta yar da kofin.

"Matsa lemun tsami, Inna."

Ta matsa, ya dawo ja.

"Kanwa da tsami ne ke kashe juna. Abin da kike yi ke nan in kin sa kanwa a miyar yakuwa. Shi muke karantawa."

Inna ta daɗe tana kallon kofin. Sai ta jawo hannun yarinyar, idonta ya cika.

"Shekara talatin ina wanga abu a tukunya, amma na kira ɗiyar mutane matsafiya. Yafe min, ɗiyata."

An sa rana bayan jarrabawa. Haƙuri ya wanke Amatullahi. Jama'a, abin da ba ku gane ba ku tambaya, domin zato ya kusa raba masoya kan kofin zoɓo ɗaya.