Jar Tawada a Yatsan Herminia

Herminia na gasa wainar masara a madafa sa'ad da saurayinta Nicanor ya faɗo gidan kamar an jefo shi. Saura wata guda bikinsu, gobe Lahadi kuma matan Kolombiya za su jefa ƙuri'a karo na farko.

"Baba ya rantse," ya ce yana sosa ƙeya. "Wai macen da ta tsoma yatsa a jar tawadar zaɓe ba za ta zama surukarsa ba. Ki haƙura mana."

"Kai za ka je?"

"Ai ni namiji ne..."

"Au! Ni kuma akuya ce ko?"

Ta yi kuka, don tana son Nicanor har cikin ranta. Amma ana tashi daga coci ta wuce ta bi layin zaɓe, ta tsoma yatsa. Tawadar nan kuwa ko sabulu ba ya fitar da ita, ga shi ana jiranta cin abincin rana a gidan surukai. Nicanor ya kawo mata safar hannu don ta ɓoye yatsan.

"Da ita zan yi zaman auren?" ta ce, ta mayar masa.

Cikin ladabi ta miƙa wa mahaifinsa, Don Evaristo, kwano da hannu biyu. Tsohon ya ga jan, ya haɗe rai.

"Nicanor, raka ta ƙofa!"

Gogan naku ya miƙe. "Baba, in ta fita, tare za mu fita."

Sai mahaifiyarsa, Doña Tránsito, wadda ba a taɓa jin ta musa wa mijinta ba, ta kamo hannun yarinyar tana jujjuyawa.

"'Yata, da zafi?"

"Ko kaɗan, Mama."

"Sun rufe rumfar zaɓen?"

"Sai yamma."

Tsohuwa ta yafa mayafinta.

"Ina za ki? Wa zai zuba min farfesun?" in ji Don Evaristo.

"Ga ludayi nan. In kora ce, ka fara da uwar 'ya'yanka."

Da yamma mata biyu suka dawo da jan yatsa, tsoho bai kori kowa ba. Aka sha biki a ranar da aka sa. Haƙuri dai ba ya nufin mace ta ɓoye hannunta, kuma mai sonki na gaskiya ba zai bari ki fita ke kaɗai ba.