Asama'u Mai Rabin Numfashi

Rana ta take sa'ad da Asama'u ta sauke bidon ruwa, wato jarka, a gindin itacen bedi, ta dafe haƙarƙarinta na hagu tana jan numfashi da ƙyar, kamar wadda aka ɗora wa dutsen niƙa a ƙirji. Daga rijiya zuwa gida ba wata tafiya ba ce, da can da tulu a ka take yin ta tana raha da sa'o'inta, amma yanzu sai ta yi ta yada zango a hanya. Mata biyu suka ɓullo da nasu ruwan, suna hango ta suka ja lulluɓi suka rufe hanci, suka ratse ta cikin gona. Daga nesa ɗaya ta jefo mata "sannu", ko waiwaye ba ta yi ba. Asama'u ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan murfin bidon... Allah sarki, matar da a bara ake layi a ƙofar ɗakinta!

Marainiya ce. Tun tana rarrafe iyayenta suka rasu, ƙanen mahaifinta Baffa Alhassan ya ɗauke ta, ya haɗa ta da ɗiyarsa Lami a wani ƙauye kusa da Cadakori. Tabarma ɗaya suka kwana, kwano ɗaya suka ci, sai dai zuciyar Lami ba ta taɓa kwanciya da ita ba. In aka yaba tuwon Asama'u, ranar Lami ba ta cin abinci. Da suka girma kowace ta yi aure, kowace kuma ta dawo gidan Baffa: Lami aurenta ya mutu, Asama'u mijinta Chindo ne ya rasu, ya bar ta da 'yar ƙaramar ɗiya, Zahra'u. Don ta riƙe kanta da marainiyarta ta shiga ƙungiyar mata masu matse man gujiya, wato gyaɗa, Allah kuwa ya sa wa hannunta albarka. Manta garau, ƙuli-ƙulinta ba ya kwana, har matan suka ɗora ta a kan kai kayansu kasuwar Gidan Rumji. Ranar da aka zaɓe ta Lami ta yi guɗa tare da kowa, amma da ta koma ɗaki sai da ta fasa kasko.

A hanyar dawowa daga kasuwar ne amalanken da ta hau ya kife a wani kwazazzabo, buhun gujiya ya danne ta. Aka kwashe ta sai babbar likita ta Maradi, wato babban asibiti, leɓɓanta sun yi shuɗi. Lokotoro, likitan da ya duba ta, ya ce haƙarƙari ne ya karye ya soki huhu, iska ta taru a ƙirji ta danne shi har ya tsuke kamar salkar da aka juye ruwanta. Aka huda gefenta aka zura tiyo, ta yi kwanaki tana kallon kumfa na fita cikin wata kwalba a ƙarƙashin gado, ba ta san safe ba, ba ta san maraice ba. Lami ce Baffa ya tura jinya. Ita ta ji duk abin da likitoci suka faɗa, ita kuma ta riga kowa kai labari gida.

Da aka sallamo Asama'u, ta tarar an kwashe kayanta an kai wata bukka kusa da rumbu, an ware mata kwano da moɗa. Ta dubi Baffa, tsoho ya kawar da kai.

"Baffa, mi na yi?"

Lami ce ta amsa, da murya mai sanyi kamar ta mai tausayi. "Ba abin da kika yi, 'yar'uwa. Tarin fuka ne suka gani a hoton ƙirjinki."

"Yaya Lami, ai cewa suka yi rauni ne... cewa suka yi huhun ya tashi."

"Haka suka ce miki don kar hankalinki ya tashi. Ni lokotoro ya kira gefe ya gaya mini. Ya ce ciwon ya riga ya ci wuri, kuma yaro shi yake fara kamawa."

Ta faɗi haka tana kallon Zahra'u, wadda ta rugo ta rungume ƙafar uwarta. Asama'u ta ji ƙasa na juyawa da ita. Ga tarin nan kuwa yana taso mata, ga rama, ga numfashi da ba ya kai wa ƙasa. To, wa zai ce ƙarya ne? Da hannunta ta ɓamɓare yatsun ɗiyarta daga zanenta, ta tura ta wajen Lami, yarinya na ihu tana miƙo hannu. "Ki riƙe mini ita amana," ta ce. "Gara in rasa ganinta da in zama ajalinta."

Kafin mako ya zagayo labari ya game ƙauye. Matan ƙungiya suka aiko a ce mata ta huta, wa zai sayi man da mai tari ta matse? Lami ta karɓi matsayinta, ta karɓi kaskonta da masu sayen kayanta, ranar kasuwa ta ci ado ta hau amalanke tana ɗaga wa mutane hannu. A masallacin mata ranar Idi aka bar wa Asama'u fili kamar ta zo da wuta. Da ma likitoci sun ce ta koma Maradi a sake duba ta bayan wata guda, amma babu wanda ya yarda ya zauna kusa da ita a mota, ita ma kuma tsoro take ji, kar ta je ta ji da kunnenta.

Duk wannan bai ci ranta ba kamar abin da take hangowa ta kafar zana. Kullum da hantsi Lami na zaunar da Zahra'u a cinya tana yi mata kitso, tana ba ta fura a baki, tana cewa da ƙarfi yadda za a ji har bukka, "Ce Inna. Wa ke Innarki?" Da farko yarinya nuna bukka take yi. A hankali ta daina. Ranar da Asama'u ta ji 'yar muryar nan ta kira Lami da Inna, ta ji wani zafi da ya fi na tiyon likita. Kishi ne, kishin uwa, mai ƙona hanji. Ta ji tana ƙin dariyar Lami, tana ƙin bayan Lami da ke goya mata ɗiya, har matan da ke daka suna waƙa ta ji tana yi musu hassadar numfashinsu. Sai ta kifa goshi a ƙasa tana kuka. "Ya Allah, kar ka bar zuciyata ta lalace kamar ƙirjina. In ciwon nan gaskiya ne ka tsare mini Zahra'u, in kuwa zalunci ne, kai ne mai gani..."

Haka damina ta wuce, aka yi girbi. Wata safiya ma'aikatan lafiya suka zo awon yara ƙofar gidan mai gari. Lami ta goya Zahra'u ta tafi cikin mata, Asama'u kuwa ta lallaɓa ta tsaya can nesa jikin wani danga, don dai ta ga an ɗora ɗiyarta a ma'auni. Shugabar ma'aikatan, Madam A'isha, ba ta daɗe da dawowa aiki yankin daga Maradi ba. Da layi ya kawo kan Lami, ta ɗaga kai ta ƙura mata ido.

"Ke ba ke kika yi jinyar mai haɗarin amalanke ba? Ni na riƙa wanke mata wurin tiyo. Ina take? Ta warware?"

Lami ta fara inda-inda. Wata tsohuwa, Gwaggo Jika, ta amsa a madadinta. "Ga ta can, baiwar Allah. Ai tarin fuka ya gama da ita, shi ya sa aka raba ta da ɗiyar."

"Tarin mi?" Madam A'isha ta ajiye abin da ke hannunta. "An auna majinarta, ba a ga komai ba. Rauni ne, ba ya kama kowa. A gaban wannan matar lokotoro ya faɗa, har ya ce a bar ɗiyarta kusa da ita don ta samu ƙarfin zuciya. Ke, ko ba haka aka yi ba?"

Lami ta sunkuyar da kai. Madam A'isha ta ratsa mata, ta nufi danga. Asama'u na ganin ta taho ta ja baya tana rufe bakinta da gefen zane, tana cewa, "Kar ki matso, Madam, ina da ciwo." Matar ta kama hannunta ta janye zanen, ta rungume ta a gaban kowa.

"Ba ki da komai, ɗiyata. Ƙarya aka yi miki."

Asama'u ta durƙushe tana kuka mai sarƙe numfashi. Mata suka yi caa a kan Lami, Gwaggo Jika ta kwance goyon daga bayanta da kanta. Da labari ya kai wa Baffa Alhassan, ya fito ba hula.

"Lami, marainiyar ɗan'uwana? Mi ta tsare miki?"

"Komai!" Lami ta fashe da kuka. "Tun muna yara komai ita, yabo ita, kasuwa ita, ɗiya ita. Ni mi gare ni?"

"Kina da uba, yau kin sa ya ji kunya gaban Allah. Ki haɗa kayanki ki tahi Cadawa wurin gwaggonki, ban iya kallon fuskarki."

A ranar ƙungiya ta cire Lami. Ta fita ƙauyen da ƙullin kaya a ka, ba wanda ya raka ta ko bakin hanya, kuma labarin ya riga ta isa Cadawa, ko gishiri ta kasa ba a saye. Baffa ya durƙusa gaban Asama'u yana neman gafara, ta kama hannunsa ta tashe shi. "Kai ka raine ni, Baffa, ban da abin da zan riƙe ka da shi." Game da Lami kuwa cewa ta yi ta bar ta da Allah, ba ta ƙara ba.

Ƙirjin bai koma yadda yake ba. Daka ta fi ƙarfinta, hayaƙin suya na tayar mata da tari, in hadari ya haɗu gefen nan na sukar ta. Madam A'isha ta koya mata jan numfashi a hankali safe da yamma, matan ƙungiya kuma suka raba aikin ƙarfi a tsakaninsu, suka mayar mata da matsayinta, ita ke duba mai, ita ke magana da 'yan kasuwa.

Abin da ya fi wuya shi ne Zahra'u. Kwana da kwanaki yarinya na laɓewa bayan turmi, tana cewa an hana ta zuwa. Asama'u ba ta tilasta ta ba. Sai wata la'asar tana zaune tana tsince gujiya, ta ji ɗan hannu ya taɓa kafaɗarta.

"In na hau bayanki za ki mutu?"

"A'a, ɗiyata. Sai dai ba zan iya tashi da ke ba."

"To mu zauna."

Yarinya ta haye ta kwantar da kanta tsakanin kafaɗun uwarta. Asama'u ta ja zane ta ɗaure ta a zaune, hawaye na zuba cikin faifan gujiya, tana ta maimaita alhamdulillahi har aka kira magariba.