Fankar Sharifa

Da faɗa Sharifa ta fara shiga shagon Rashidu. Shagon na jingine da gidansu, waya ɗaya ke ba su wutar kuran. Injin waldarsa shi ya naɗa da hannunsa, mai zuƙar wutar gida ya mai da ita wadda ke narka ƙarfe. Da ya ɗana, sai fankar ɗakinta ta yi laƙwas kamar mai azumi.

"Malam, kuran ɗin nan gadonka ne?"

Ya ɗage baƙin gilashi ya dube ta, ita ma ta dube shi. Sauran faɗan ya bi ruwa.

Tun daga nan, in fanka ta rage gudu sai ta yi murmushi cikin zufa. Ta tura masa saƙo: "Za ka kashe ni da zafi, mai walƙiya." Ya maido: "Haƙuri, sanyin idona. Ƙofar ɗakinmu nake haɗawa."

Ana gobe kasuwar Dakoro gyaran amalanke ya yi masa yawa. Fis na ta tsinkewa, sai ya cusa waya mai kauri a gurbinsa. Wuta ta yi ƙasa, motar da ke juya injin niƙan Malam Abarci, mahaifin Sharifa, ta yi ta gurnani har ta ƙone.

Malam Abarci ya datse wayar shagon. "Wanda ya ƙone mini abinci ba ya ganin ɗiyata."

Fanka ta koma gudu ba tsayawa, Sharifa kuwa ta tsani iskarta. Iyayen Mamani mai sai da salula suka fara sintirin neman aurenta. Ta rubuta: "Ko kalma ɗaya, Rashidu." Shiru. Shago a rufe, har aka ce ya gudu Maradi. Ta yi kuka, ta rame, ta yarda ya bar ta.

Wata safiya sai ga ƙarar niƙa. Ashe mahaifiyarta, Uwale, ce ta ba Rashidu ƙonanniyar motar a ɓoye ya gyara. Malam Abarci ya tura ƙofar shagon, Sharifa na bayansa. Rashidu na zaune, yatsu duk yanka, gabansa ƙwarangwal ɗin injin walda, ba ko zaren waya.

"Ina wayar injinka?"

"Tana cikin motarka, Baba."

"To kai da mi za ka ci?"

Rashidu ya sunkuyar da kai. Tsohon ya juyo ya ga hawayen ɗiyarsa, sai ya dafa kafaɗar Rashidu.

Bayan girbin gero aka ɗaura aure. Malam Abarci ya kawo naɗin sabuwar waya, ya sa aka ja wa shagon layinsa daban, ya ce Allah ya ba su zaman lafiya.

Amarya ta dubi fanka. "Yanzu ta yaya zan san kana nan?"

Rashidu ya miƙa hannu ya rage mata gudu.